Kwamfutar haɗi ta ƙi nuna hoto: a wanke direba, a yi fomat, ko a ɗauki hanyar Kano?

A garuruwa irin su Birnin Kudu, Ringim, Gwaram, Rano da Sumaila, yanzu ba abin mamaki ba ne a tarar da matashi ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ya sayo madabod daban, firosesa daban, katin girafik daban, domin tace bidiyon biki da na suna, ko zana katin gayyata da fasta, ko buɗe shagon da yara ke buga ƙwallo a allo. Haɗin yakan zo da rangwame idan aka kwatanta da sayen sabuwa dal, sai dai babu wani kamfani da ya gwada kayan nan tare kafin su iso hannunka, kuma mafi yawan katunan na hannu ne. Shi ya sa ƙorafin da aka fi ji bayan haɗawa yake zagaye da katin girafik: an kunna, fankoki suna juyawa amma monita ta yi baƙi ƙirin, ko direban katin, wato manhajar da Windows take sarrafa katin da ita, ya ƙi shiga, ko kuma ya shiga amma kwamfutar tana ɗaukewa da zarar an ɗora mata aiki. Wanda hakan ta same shi a ƙauye yana da hanyoyi uku a gabansa, wato ya goge direban ya sake sa shi a tsabtace, ko ya yi fomat ya sake ɗora Windows gaba ɗaya, ko ya ɗauki kwamfutar zuwa wurin mai gyara a birni da niyyar canja wani abu a cikinta.

Hanyar da aka fi gaggawar bi ita ce fomat, kuma a ganina ita ce ta fi ƙarancin dacewa da wannan matsalar. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne daidai lokacin da hoton yake ɗaukewa, domin tashin kwamfuta mataki-mataki ne. Idan aka danna makunni, BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod, ne yake fara duba firosesa da RAM da katin girafik, sannan ya nuna tambarin kamfanin madabod ɗin, kamar Asus ko Gigabyte ko MSI. A wannan lokacin Windows ba ta farka ba, direba kuma bai shigo ba sam, katin yana nuna hoto ne da 'yar ƙaramar manhajar da ke jikinsa. Bayan haka ne ɗigogin Windows suke juyawa, kuma sai dab da fitowar shafin shiga ne direban Nvidia ko AMD yake karɓar ragamar katin. Wanda ya zauna ya lura da inda hoton ya tsaya a cikin wannan jerin ya riga ya rage zaɓinsa kafin ya kashe ko kwabo.

Hali na farko shi ne ko tambarin madabod bai fito ba. A nan wanke direba da fomat duk sun fita daga lissafi, tunda dukansu suna taɓa abin da ke cikin faifan ajiya ne, alhali kwamfutar ba ta ma kai ga karanta faifan ba. Wannan bai nufin a nufi tasha nan take ba, domin akwai abubuwan da ake dubawa a gida. Na farko shi ne inda aka soka wayar monita. Bayan akwatin kwamfuta yana da ramukan HDMI a wuri biyu, na madabod a sama da na katin a ƙasa, kuma idan akwai kati a ciki to a ramin katin ake sokawa. Kuskuren yana ƙara tsanani ga wanda firosesarsa ba ta da girafik a cikinta, kamar na Intel masu ƙarewa da harafin F irin su i5-10400F da i3-12100F, ko Ryzen 5 3600 da Ryzen 5 5600 na AMD, domin ramin madabod a irin wannan haɗin ba ya fitar da komai har abada. Masu harafin G kuwa, irin su 3200G da 5600G, suna da nasu girafik, kuma wannan yana ba da gwaji mai kyau: a kashe wuta, a cire katin, a soka monita a madabod, idan hoto ya fito an gane cewa sauran kayan lafiya suke.

Na biyu shi ne wutar katin. Ramin PCIe da ake soka kati a ciki ba ya ba da fiye da wat 75, don haka katin da yake cin fiye da haka yana da rami a gefensa ko a samansa da ake kawo masa wuta kai tsaye daga fawa-fak, wato na'urar da ke raba wuta a cikin akwatin. Fulogi mai haƙora 6 yana ƙara wat 75, mai haƙora 8 yana ƙara wat 150. GTX 1050 Ti da yawancin GTX 1650 suna wadatuwa da wutar ramin, amma GTX 1060 mai cin wat 120 yana son mai haƙora 6, RX 580 mai cin wat 185 kuma yana son mai 8. A kula cewa fawa-fak yana da wani fulogin mai haƙora 8 wanda na firosesa ne, yana rabuwa huɗu da huɗu, shi kuwa na kati yana rabuwa shida da biyu, kuma jeren wayoyinsu ba ɗaya ba ne, tilasta ɗaya a ramin ɗaya yana iya ƙona kati. Bayan wannan sai a cire katin a sake danna shi har maƙallin ƙarshen ramin ya kama, a yi wa RAM haka, a kuma duba ƙananan fitilu huɗu da madabod da dama suke da su, masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Fitilar da ta tsaya a kunne ita ce take nuna inda binciken ya maƙale, kuma sau da yawa wanda ake zargin katinsa sai a tarar fitilar DRAM ce take ci.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu fiye da mutanen da suke rubuta jagororin gyara a Turai, wato tsofaffin monitoci masu ramin VGA shuɗi kaɗai, waɗanda suka cika shagunan buga takardu. Tun daga jerin GTX 10 da ya fito a 2016, katunan Nvidia ba sa fitar da siginar da VGA take amfani da ita, haka ma RX 470 da RX 580 na AMD. Ramin DVI da ke jikinsu na dijital ne zalla, saboda haka ɗan ƙaramin kan nan mai arha da ake ɗaurawa daga DVI zuwa VGA ba zai nuna komai ba, sai an samu adafta daga HDMI zuwa VGA mai ɗauke da na'urar juya sigina a cikinta. A ɗaya gefen kuma, wanda ya samu sabuwar monita ya haɗa ta da DisplayPort a kan katin jerin GTX 700 ko 900 ko 10 yana iya ganin baƙin allo har sai Windows ta gama tashi, matsalar da Nvidia ta fitar wa da manhajar gyara a 2018. Gwaji da wayar HDMI a jikin talabijin ɗin gida yana warware duk waɗannan shakku biyu cikin minti biyar.

Abu na ƙarshe a wannan matakin shi ne saitin BIOS. Tsofaffin katuna, galibi waɗanda suka girmi 2013, ba su san sabon tsarin BIOS mai suna UEFI ba, kuma idan aka sa su a sabon madabod da aka kashe masa CSM, wato saitin da ke barin tsofaffin kaya su yi aiki, ba za su nuna hoto ba. Sai a shiga BIOS ta girafik ɗin firosesa ko da katin aro a kunna CSM. Idan kuma wani ne ya taɓa saitin har allo ya ɗauke, cire batirin madabod mai lamba CR2032 na 'yan mintoci, bayan an zare wayar wuta, yana mayar da komai yadda kamfani ya bar shi.

Hali na biyu shi ne tambarin ya fito, ɗigogin Windows sun juya, sai allon ya yi baƙi ko ya yi shuɗi. Nan ne gonar direba, kuma nan ne wanke shi ya fi kowace hanya arha da sauri. Kafin komai ana iya danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda yake sa Windows ta sake tayar da direban hoto, wani lokaci hoton ya dawo. Idan bai dawo ba sai a shiga Safe Mode, inda Windows take barin direban katin a gefe ta yi amfani da nata ɗan ƙarami mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Wanda ba ya ganin komai a allo yana isa can ta hanyar kashe kwamfutar da makunni a daidai lokacin da ɗigogin suka fara juyawa, sau biyu ko uku a jere, har shafin gyara ya fito, daga nan ya bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ya danna Restart, sannan ya zaɓi lamba 4. Idan hoto ya tsaya lafiya a Safe Mode, an samu shaida mai ƙarfi cewa monita da waya da ramin katin ba su da laifi.

Wankin kansa iri uku ne, kuma ƙarfinsu ya bambanta. Mafi sauƙi shi ne komawa direban baya ta Device Manager, a buɗe katin a danna Roll Back Driver, wanda ba ya cin data ko kaɗan, amma yana aiki ne kawai idan matsalar ta fara bayan sabuntawa kuma Windows tana riƙe da tsohon. Na tsakiya shi ne zaɓin da ke cikin manhajar sa direban, wato Perform a clean installation a ƙarƙashin Custom a wurin Nvidia, ko Factory Reset a wurin AMD, wanda yake share saitin baya na kamfanin da ake sa wa direban amma ba ya taɓa ragowar na wani kamfanin. Mafi ƙarfi shi ne DDU, ƙaramar manhajar kyauta ta Wagnardsoft, wadda take kwashe fayiloli da rajistar direbobin Nvidia da AMD da Intel. Ga wanda ya cire katin AMD ya sa na Nvidia, ko akasin haka, ko wanda sa direba yake tsayawa a tsakiya da saƙon gazawa, ban ga dalilin ɓata lokaci a kan biyun farko ba, DDU ya kamata ya nufa kai tsaye.

Tsarin da ake bi yana da muhimmanci fiye da manhajar. A fara sauke sabon direban da DDU a ajiye su a kwamfutar ko a filash, a katse intanet gaba ɗaya, a shiga Safe Mode, a zaɓi kamfanin katin a DDU a danna Clean and restart, sannan a sa direban bayan kwamfutar ta tashi, sai an gama a mayar da intanet. Dalilin katsewar shi ne Windows Update tana gaggawar cusa nata direban da zarar ta ga kati babu direba, sai biyun su yi karo, kuma wannan karon ne yake jawo saƙon nan da masu AMD suka saba gani cewa manhajar Adrenalin ba ta dace da direban da ke ciki ba. A nan mutumin ƙauye ya fi na birni sauƙi, tunda yawancinmu da wayar hannu muke jona kwamfuta, kashe hotsifot kawai ya isa. Wahalar tana wajen saukewa, domin direban zamani yakan kai megabait 600 zuwa 900, kuma fayil ɗin da sabis ya yanke shi a tsakiya yakan buɗe amma ya gaza wajen warwarewa, mutum ya ɗauka katinsa ne ya lalace. Gara a sauke shi a waya lokacin da aka shiga gari ranar kasuwa ko da dare da sabis ya fi sakewa, a duba girmansa ya yi daidai da wanda aka rubuta a shafin kamfanin, a kuma ajiye kwafi a filash domin gaba.

Sai batun wane direba za a sauke, domin sabo fil ba na kowane kati ba ne. Nvidia ta tsaya da katunan zamanin Fermi, irin su GTS 450, a direba mai lamba 391.35 na 2018. Katunan Kepler, wato jerin GTX 600 da yawancin 700 har da GT 710, ta daina ba su sabon direban wasanni a 2021, kuma nasu shi ne wanda lambarsa ta fara da 47. GT 730, wanda ya yi yawa a kasuwa, yana da rikici na musamman, domin akwai na Fermi akwai na Kepler duk da suna ɗaya, kuma direban ɗaya ba lallai ya karɓi ɗayan ba. GTX 750 Ti da jerin 900 da jerin 10 sun tsaya a reshen 580 tun watan Oktoban 2025, sai gyaran tsaro da kamfanin ya ce zai ci gaba da bayarwa har 2028. AMD kuma ta daina ba jerin HD 7700 zuwa 7900 da R7 da R9 na 200 da 300 sabon direba na yau da kullum tun 2021, ta kuma ware wa RX 400 da 500 da Vega nasu fayil dabam da na sababbin katuna. Don haka a shafin kamfani ake zaɓar sunan katin daidai a sauke abin da ya bayar. Tarin direbobin nan da ake yawo da su a filash, masu sa komai da dannawa ɗaya, suna da amfani ga katin sauti da na netwok a inda babu sabis, amma ban yarda a bar musu katin girafik ba.

Idan aka ɗora fomat a kan wannan sikelin, nauyinta ya fito fili. Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, ana buƙatar filash mai gigabait 8 aƙalla, kuma bayan an gama dole a sake sa direban katin dai, wato duk kuɗin hanyar farko yana cikin ta biyu. Ga CorelDRAW da Photoshop da Premiere da za a sake sawa, ga nau'o'in rubutun da mai zane ya tara shekara da shekaru, ga bidiyon bikin mutane da za a nemi inda za a kwashe kafin a fara, ga sa'o'in da janareta zai sha mai ko batirin sola zai zuƙe. Yin duk wannan domin direba ɗaya da ya rikice kamar rushe rumbu ne saboda ɓera ɗaya. Abin da ya fi ciwo shi ne idan laifin na wuta ne ko na katin, sabuwar Windows za ta tashi lafiya lau da ƙaramin direbanta, mai gyara ya karɓi kuɗinsa, sai an sa direban gaske matsalar ta dawo yadda take.

Duk da haka akwai wuraren da fomat ce daidai. Wanda ya zare faifan ajiya daga tsohuwar kwamfuta ko laftof ya dasa a sabon haɗi yana tafe da direbobin madabod ɗin da ya bari, kuma DDU ba ya taɓa waɗannan. Wanda aka ɗora wa Windows ɗin da wani ya yanke wa sassa domin ta yi sauƙi yana iya rasa abin da direban yake dogara da shi. Wanda Windows 10 ɗinsa ta tsufa ƙwarai zai ga manhajar Nvidia tana cewa direban bai dace da wannan sigar ba, kuma sabunta ta ta intanet yana iya cin datar da ta kai ta fomat ɗin. Haka nan wanda aka tsara faifansa da tsohon tsarin MBR yana son ya kashe CSM ya koma UEFI, domin Windows ɗinsa ba za ta tashi ba sai an mayar da faifan sabon tsarin GPT. Tun da Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, wanda zai yi fomat yanzu kuma firosesarsa ta kai Intel zuriya ta 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama, ya fi masa ya wuce Windows 11 lokaci guda. Mai ƙaramin faifan SSD na ajiye kuwa yana da dabara mafi kyau: ya cire faifan aikinsa, ya ɗora Windows a na ajiyen, ya sa direban ya gwada, ya samu amsar da fomat za ta ba shi ba tare da ya rasa fayil ko ɗaya ba.

Hali na uku ne ya fi ruɗarwa, inda direba ya shiga, komai yana tafiya, amma da an fara fitar da bidiyo ko wasa ya ɗauki zafi sai allo ya ƙifta, ko ya yi shuɗi da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE, ko kwamfutar ta mutu ɗungurungum. Windows tana jiran katin ya amsa mata na daƙiƙa 2, idan bai amsa ba sai ta sake tayar da direban, idan hakan ya gaza ta nuna shuɗin allo da sunan fayil, nvlddmkm.sys ga Nvidia, atikmpag.sys ko amdkmdag.sys ga AMD. Ganin sunan fayil ɗin direba ne yake sa a ɗora masa laifi, alhali abin da saƙon yake cewa kawai shi ne katin ya yi shiru, bai faɗi dalili ba. Wankin DDU sau ɗaya, da gwada direban da ya girmi na yanzu da 'yan watanni, ya halatta a nan saboda arharsu. Idan an yi su matsalar tana nan, maimaitawa ɓata data ne, sai a juya ga wuta da zafi.

Kwamfutar da take mutuwa farat ɗaya ba tare da shuɗin allo ba, ko ta sake tashi da kanta, kusan kullum wuta take nema. Fawa-fak marar suna da yake zuwa tare da akwati mai arha yana iya ɗauke da rubutun wat 500 amma ya kasa ba da rabin haka a layin bolt 12 da katin yake sha, kuma alamar da ake gane shi da ita ita ce ba shi da fulogin kati sam. Adaftar da ake jonawa daga fulogin SATA domin cike wannan giɓin haɗari ce, tunda fulogin SATA an yi shi ne don kimanin wat 54. AMD ta ba da shawarar fawa-fak mai wat 500 ga RX 580, Nvidia ta ce wat 550 ga RTX 3060, kuma ana nufin na ƙwarai. A wajen akwatin ma akwai abin dubawa. UPS, wato na'urar batiri mai riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, mai lamba 650VA ba ya ɗaukar fiye da wat 360 zuwa 390, ƙaramin janareta yana nutsewa idan aka tayar da firinta mai leza ko injin laminatin a layi ɗaya, inbata marar tsabtatacciyar wuta kuma ba ta jituwa da wasu fawa-fak na zamani. Idan kwamfutar tana aiki lafiya a wutar NEPA mai ƙarfi amma tana ɗaukewa a janareta, babu abin da Kano za ta gyara mata.

Zafi kuma yana da lokacinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankin Haɗeja da Gumel yake haura digiri 40, katin da ƙurar hunturu ta toshe wa ƙarafunan sanyaya yana farawa ne da nauyin da bai san shi ba a ƙasar da aka fito da shi. GPU-Z, ƙaramar manhajar kyauta ta TechPowerUp, tana nuna zafin katin da gudun fankarsa, kuma katin da yake wuce digiri 85 kafin ya ɗauke yana buƙatar a hure shi a canja masa man sanyaya, aikin da mai gyaran waya mai natsuwa a garinku zai iya. Akwai kuma wata 'yar matsala mai sauƙi da take kama da babba: kwamfutar tana yin baƙi idan aka kunna ta da safe amma tana tashi lafiya idan aka yi Restart. Wannan yawanci aikin Fast Startup ne, wanda tun Windows 8 yake adana halin direbobi a faifai lokacin kashewa ya dawo da su lokacin kunnawa, kuma ana kashe shi a Power Options cikin Control Panel.

Inda tafiya ta zama dole shi ne idan an yi wanki mai tsabta da direban da ya dace, amma Device Manager yana nuna alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa da Code 43, ko allon yana fitar da layuka da ɗigogi masu launi tun daga tambarin madabod. Layuka a wannan matakin alama ce ta lalacewar ma'ajiyar katin ko cibiyarsa, babu manhajar da take gyara su. Code 43 kuwa yana yawan fitowa a katuna iri biyu da suka cika kasuwar kayan hannu. Na farko katin jabu ne, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya zama GTX 1050 Ti, wanda ake saurin gane shi da ramin VGA da na gaske ba shi da shi, kuma GPU-Z yana rubuta FAKE a gaban sunan da yawa daga cikinsu. Na biyu katin haƙar kuɗin intanet na kirifto ne, musamman RX 470 da 570 da 580, waɗanda suka kwararo kasuwa bayan kuɗin kirifto mai suna Ethereum ya daina amfani da katunan girafik a watan Satumban 2022. Masu haƙar sukan sauya BIOS ɗin katin, direban AMD kuma yana ƙin karɓar wanda aka taɓa. Ana iya mayar masa da na asali, wasu ma suna da ɗan makunni a gefe mai BIOS na biyu da ya kamata a fara gwadawa, amma rubuta BIOS a wurin da wuta take ɗaukewa ba sanarwa kasada ce da ba zan ba kowa shawarar yi a gida ba.

Kafin a biya kuɗin mota ana iya yin abin da mai gyaran zai fara yi, wato musanya. A kai katin shagon wani mai kwamfutar tebur a garin a gwada shi a can, a kuma aro nasa a gwada a taka, idan matsalar ta bi katin an san abin da za a ɗauka, idan ta zauna a gida to fawa-fak ne ko madabod. Da haka sai a tafi Fam Santa ko titin Bairut a Kano da kati kawai a jaka maimakon akwati ɗungurum a bayan mota. Idan dole sai da akwatin, a cire katin a naɗe shi daban, domin girgizar hanyar ƙauye tana iya tsaga ramin PCIe idan kati mai nauyi yana rataye a jikinsa. A kuma yi hattara da gyaran da ake yi na gasa cibiyar katin da iska mai zafi, yakan farfaɗo da shi na ɗan lokaci, isasshen da za a biya kuɗi a koma gida, amma ba kasafai yake ɗorewa ba.

Idan ƙarshen maganar canjin kati ne, wutar shagonka ta fi lambar katin muhimmanci. RX 580 mai gigabait 8 ya fi GTX 1050 Ti ƙarfi nesa ba kusa ba, amma yana cin wuta fiye da ninki biyu, kuma shi ne aka fi haƙa da shi, sannan akwai wanda ake rubuta wa 2048SP wanda a zahiri ajin RX 570 ne. Ga mai aiki da sola ko ƙaramin janareta, GTX 1650 ya fi kwanciyar hankali, ba ya neman canjin fawa-fak, yana cikin katunan da Nvidia take ba wa sabon direba, kuma yana da sashen matse bidiyo na NVENC da GT 1030 ba shi da shi. Katunan Intel Arc suna buƙatar madabod mai saitin BIOS da ake kira Resizable BAR kafin su yi aikin kirki, don haka ba na tsohon haɗi ba ne. Wanda aikinsa CorelDRAW da buga takardu ne kawai, firosesa irin Ryzen 5 5600G ta ishe shi ba tare da kati ba sam. Kowanne aka zaɓa, a sa mai shago ya soka shi a gabanka, ya sa masa direban kamfani, ya buɗe GPU-Z ka ga sunan da zafin da idonka, ya ɗora masa wasa ko fitar da bidiyo na kwata ɗin awa, sannan a rubuta kwanakin da aka yarda za a iya dawo da shi a jikin rasit tare da lambar siriyal ɗin katin.